Me doka ta ce game da ƙirƙiro sabuwar ƙaramar hukuma?

Duk lokacin da Majalisar Tarayya ta buɗe zaman gyaran tsarin mulki, tawagogin dattawa daga karkara sukan shigo birnin Kano ɗauke da takardun neman a yanka musu ƙaramar hukuma. Hujjarsu yawanci nisa ce da faɗin ƙasa. Wanda ya san Doguwa, can ƙarshen kudancin jiha, inda dajin Falgore ya raba garuruwa kuma duwatsun Riruwai suka tokare hanya, ba zai ce ƙorafin ba shi da tushe ba, domin mai neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa yakan ɓata yini guda a kan babur kafin ya isa sakatariya.

Yawancin iyakokin ƙananan hukumomin gadon gundumomin hakimai ne, waɗanda aka tura su zauna a ƙasashensu bayan Turawa sun ci Kano a 1903. Gyaran tsarin mulkin ƙananan hukumomi na 1976 ya harhaɗa gundumomin ya mayar da su ƙananan hukumomi, sojoji suka yi ta ƙari har Najeriya ta kai ƙananan hukumomi 774 a 1996, Kano tana da 44.

Sashe na 8(3) na tsarin mulkin 1999 ya shimfiɗa matakan. Sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin a majalisar dokokin jiha da na kansilolinsa sun goyi bayan buƙatar, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama wadda kashi biyu cikin uku na mutanen yankin za su amince, sannan mafi yawan majalisun ƙananan hukumomin jihar su yarda da sakamakon, kafin majalisar jiha ta tabbatar da rinjayen kashi biyu cikin uku.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ke biyo baya. Sunayen ƙananan hukumomi da ake da su a rubuce suke cikin jadawalin farko na tsarin mulki, saboda haka sai Majalisar Tarayya ta yi dokar shigar da sababbin. Legas ta ƙirƙiro 37, gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumominta, kuma a 2004 Kotun Ƙoli ta ce riƙe kuɗin ya saɓa wa doka, amma sababbin ba su cika ba tukuna. Tun 1999 ba a ƙara ko ɗaya a jadawalin ba, kuma a ganina dalilin bai wuce rabon arzikin ƙasa ba, tunda kowace sabuwa za ta rage kason sauran.