Wai me ake nufi da imfireshonizim a harkar zane?

Duk mai bin shafukan masu zane a Instagram ko Facebook ya sha cin karo da kalmar nan, kuma na lura mutane suna liƙa ta ga duk wani zanen da ya fito dishi-dishi kamar mai shi bai gama ba, to gaskiya ba haka abin yake ba. Kalmar daga Faransanci take, tana nufin abin da ido ya fara kamawa kafin hankali ya tsaya ya tantance. Ka ɗauka kana kan gada da yamma lokacin hazo kana leƙen titi, ba fuskar kowa kake gani ba balle lambar mota, haske ne kawai da motsi da kala-kala, to wannan ɗin shi masu salon suke son kamawa da buroshi kafin rana ta juya.

Da farko ma sunan ba'a ne. A 1874 wasu masu zane da babban baje kolin Faransa ya sha mayar musu da aikinsu suka haɗa kai suka yi nasu a Paris, a ciki akwai zanen Claude Monet na tashar jiragen ruwa ta birnin Le Havre da ke Faransa rana na fitowa, wani ɗan jarida Louis Leroy ya ɗauki sunan zanen, wanda ya fara da kalmar Impression, ya yi musu shaƙiyanci da shi a jarida, shi kenan suna ya bi su, su ma daga baya suka karɓe shi. Abin da ya taimake su fita waje su yi aiki kuwa shi ne fenti da aka fara ɗurawa a cikin tub irin na makilin tun 1841, ka sa a jaka ka tafi.

Amma ni in ana maganar nan Camille Pissarro ne yake zuwa mini a rai. An haife shi a tsibirin St. Thomas da ke yankin Karibiyan a 1830, kuma shi kaɗai ne ya shiga duka baje koli 8 da suka yi daga 1874 zuwa 1886. Yawancin rayuwarsa ƙauye yake zanawa, gonaki da manoma, lokacin yaƙin Faransa da Jamusawa a 1870 ya gudu Landan, kafin ya dawo sojoji sun zauna a gidansa sun lalata masa zane masu ɗimbin yawa, aikin shekara da shekaru. Bai daina ba. Da tsufa ya zo ciwon ido ya matsa masa har iska da ƙura suka hana shi aiki a fili, sai ya koma kama ɗaki a otal ya zauna bakin taga yana zana birni daga sama.

A 1897 daga tagar wani otal ya zana titin Montmartre sau 14, titi ɗaya fa, ɗaya daga cikin manyan titunan Paris masu cunkoso. Da safe cikin sanyi, da rana, ranar biki da jama'a suka cika shi, har da dare. Na daren nan yana gidan adana zane na National Gallery a Landan, in ka matso da hotonsa kusa za ka ga mutanen ba su da fuska ko ɗaya, ɗigo ne da jan buroshi sau ɗaya sau biyu, amma kana ja baya sai ka ga kekunan doki a jere da fitilunsu, titi a jiƙe yana sheƙi, kantuna a kunne, wallahi har ka ji kamar hayaniyar na shigo maka kunne.

A 1903 ya je Le Havre ya sake kama ɗaki mai kallon tashar jiragen ruwa ya yi ta zana ta, a watan Nuwamba na shekarar ya rasu a Paris yana da shekara 73.