Tsofaffin bindigogin soja: amsoshin tambayoyin da suka ishe ni

Tun da bidiyon Turawa masu gasar harbi da tsofaffin bindigogin soja ya fara yawo a wayoyin samarinmu, tambayoyi iri ɗaya ake yi mini a majalisa da ranar kasuwa. Ga amsa a rubuce.

Wace bindiga ce wannan?

Wadda kuka fi nuna mini sunanta Lee-Enfield, ƙirar Ingila, tana cin harsashi 10 mai lamba .303. Irinta kakanninmu suka riƙe a ƙasar Bama (Burma) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Zan iya mallakarta?

A'a. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar soja mai harsashi .303 cikin haramtattu, sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin riƙe ta ba izini ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙaranci.

Ai a Amurka ana yi.

Dokar Amurka ba ta aiki a Ringim. Can ma a keɓaɓɓen fili suke yi, da tudun ƙasa mai tare harsashi, kowa ya toshe kunnuwansa, ba mai taɓa kunama sai jami'in fili ya ba da umarni.

In a bayan gari ne fa, bayan an yi girbi?

Haba samari! Harsashin nan yana iya tafiyar kusan kilomita 3. A ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya, ina dajin da za ku samu wannan tazarar babu makiyayi, babu yarinya mai ɗebo itace?

Mun tarar da bindigar marigayi kakanmu a naɗe cikin tsumma a rufin soro. Yaya za mu yi?

Ku kwantar da hankalinku, amma amsar ta danganta da irin bindigar. In adaka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, dokar ta fi sauƙi, domin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke da ikon ba da lasisinta. Sai dai lasisin mamaci ba ya bin gado kamar gona, magaji zai nemi nasa. In kuwa ta soja ce, a ganina babu mafita sai miƙa ta ga hukuma, ko da zuciya ba ta so. Ko wacce ce, ku ɗauka a ɗure take, domin albarushin da ya shekara da shekaru a busasshen wuri yana iya tashi. Kada a leƙa bakinta, kada a ja kunama don gwaji, kada a kai wa maƙeri ya gasa ta a wuta wai don tsatsa ta saki. Shawarata, babban gida ya fara sanar da dagaci, su tafi tare wurin DPO, bindigar tana nan inda take. Ɗaukarta a kan babur kuskure ne, domin wanda aka tare a shingen bincike da ita a buhu zai sha wahalar bayani. In an zo karɓa, ku roƙi takardar shaida.

Tsohon harsashi yana tashi?

Sau da yawa yana tashi, wani lokaci kuma sai ya yi jinkiri bayan an ja kunama, shi ya sa masu gasar ke dakatawa kamar rabin minti, bakin bindiga na fuskantar tudu, kafin su buɗe ta. Wanda kuka tsinta, ku hana yara wasa da shi ko jefa shi a murhu, ku miƙa shi tare da bindigar.