Bishiyoyi da ciyawa a gefen layin dogo: tambayoyin da ba sa ƙarewa

Reshe ya faɗo kan wayar lantarkin jirgi, in ture shi da sanda?

Kul! Manyan layuka da yawa volt 25,000 suke ɗauka, na taram (ƙaramin jirgin dogo na cikin gari) 600 ko 750. Ja da baya, ka kira masu kula da layin. Ba a taɓawa sai an kashe wuta, an haɗa wayar da ƙasa.

Ganye kawai zai hana jirgi tsayawa?

Ƙwarai. Ƙafar jirgi tana niƙe jiƙaƙƙen ganye ya zama baƙin santsi manne da ƙarfen dogo, birki ya kama amma jirgi na ta zamewa. Ana wanke shi da ruwa mai ƙarfi, a zuba yashi.

Ciyawar cikin tsakuwar da ke ƙarƙashin layi fa?

A cire ta. Tana tara ƙasa, ruwa ya kwanta, layi ya lotsa.

Me ya hana a sare bishiyoyin duka a huta?

Wannan ba ta da amsa ɗaya, kuma masu gaggawa a nan suke ɓarna. Kusa da layi dai dole a share. Kamfanin Deutsche Bahn na Jamus yana share mita 6 kowane gefe daga tsakiyar layi. Amma bishiya mai tsayin mita 25 ba ruwanta da wannan iyaka idan iska ta tumɓuke ta. Don haka bayan mita shidan sai a bi su ɗaya bayan ɗaya: wadda ta karkata wajen layi, mai kogo, mai naman kaza a gindi, wadda ƙasa ta tsage kewaye da saiwarta.

A gangara mai yumɓu kuwa, a yi hattara. Saiwa ce ke riƙe ƙasa tana shanye ruwa. A sare duka, saiwar ta ruɓe bayan 'yan shekaru, gangarar na iya zaftarewa. A bar manya masu ƙishirwa dab da layi kuma, su tsotse yumɓu lokacin fari, layi ya karkace. Galibi rage tsayi da barin ƙananan itatuwa ya fi, amma sai injiniya ya duba irin ƙasar tukuna. Kuma bishiyar da ta girma a tsakiyar 'yan'uwanta, in aka bar ta ita kaɗai, ita iska ke fara kayarwa.

An kwashe bishiyar da guguwa ta kayar, jirgi zai iya wucewa?

Tukuna, a yi haƙuri. A leƙa kwalbati da magudanar ruwa ko rassa sun toshe su, a duba ko ruwa ya kwashe tsakuwar ƙarƙashin layi. Jirgin farko ya bi a hankali.