Tumbatsar maƙirgan aikin firosesa a cikin kanel

Maƙirgan aikin firosesa ƙananan rajistoci ne da ke cikin firosesa, suna ƙirga zagayen agogo, umarnin da aka kammala, ko sau nawa aka nemi bayani a ma'ajiyar kusa ba a samu ba. Kowane maƙirgi yana da iyaka. Idan ya cika sai ya koma sifili, kamar mitar mota. Wannan ita ce tumbatsa.

Faɗin maƙirgi shi ne ke nuna saurin cikarsa. Mai bit 32, irin na firosesocin ARM da yawa, yana cika cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi idan yana ƙirga agogo mai gudun gigahaz 3. Mai bit 48, irin na Intel da AMD na zamani, yakan kai kimanin awa 26. Shi ya sa kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, tun da tsarinsa na auna aikin firosesa mai suna perf ya shigo a sigar 2.6.31 a 2009, yake riƙe jimilla mai bit 64 a manhaja. Duk lokacin da ya karanta maƙirgi, yakan cire tsohon adadi daga sabo gwargwadon faɗin rajistar, ya ƙara bambancin a jimillar. Idan maƙirgi ya zagayo sau biyu ba a karanta ba, lissafi ya ɓaci ba tare da wata alama ba.

Wajen ɗaukar samfuri kuwa, wato duba inda shiri yake lokaci-lokaci yayin da yake gudana, da gangan ake jawo tumbatsar. Kanel yana saka maƙirgi saura taki dubu 100, misali, ya cika. Da ya cika, firosesa sai ya aika katsewa, wato sigina mai dakatar da aikin da ake ciki, wadda Linux a kan firosesocin x86 irin na Intel da AMD ke karɓa a matsayin NMI, wato wadda ba a iya toshewa. Sashen kanel mai kula da ita yana duba maƙirgin da ya cika, ya rubuta inda shirin yake, ya sake saita adadin, ya goge alamar tumbatsa. Aikin nan na buƙatar taka-tsantsan, domin kama makulli, wato abin da ke hana ayyuka biyu taɓa bayani ɗaya a lokaci guda, a cikin NMI na iya daskarar da na'ura.

Adireshin da aka rubuta yakan zarce umarnin da ya jawo tumbatsar kaɗan. PEBS na Intel da IBS na AMD, dabarun da firosesa ke rubuta samfurin da kansa, suna rage wannan zamiya. Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da ya matsa yawan samfuri zai iya ganin gargaɗi a dmesg, inda ake ganin saƙonnin kanel, cewa katsewa ta daɗe, sannan kanel ya rage gudun ɗaukar samfurin da kansa.