Noman furannin biki da shirya su a gida

Noman furannin biki shi ne dangin amarya ko na ango su shuka fulawar da za a yi ado da ita a wajen kamu, walima ko dina, su kuma shirya ta da hannunsu maimakon su saya. Mafi yawan adon biki a biranen arewacin Najeriya da furen roba ake yi, domin ɗanyen fure yana da tsada. Wardi yana son sanyi, shi ya sa yake kyau a Jos mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, amma ya wahala a Kano ko Sakkwato. Mai ƙaramin ƙarfi ya fi cin riba idan ya bar wardi ya koma ga furannin da ke fitowa daga iri, masu jure zafi.

Wanda ya fi dacewa shi ne ziniya, ɗan asalin Meziko, mai fure cikin kwana 60 zuwa 70 da shuka, ga launuka kala-kala. Sanfulawa mai kara ɗaya takan yi kwana 55 zuwa 65. Marigol yana ba da ruwan ɗorawa da ruwan goro. Selosiya, 'yar'uwar farar alayyahu, da gomfirena mai ƙananan kawuna sukan kai wata uku, amma suna daɗewa bayan yanka. Ganyen cike gurbi tsakanin furanni ba a sayensa: na bishiyar turare, na ɗoɗɗoya da reshen lalle mai fure duk suna yi, lallen ma ya ƙara ƙamshi. Furen boganbiliya yana jan ido a jikin katanga, sai dai da zarar an yanke shi yakan yi yaushi.

Lissafin kwanaki shi ne ginshiƙin aikin. Daga ranar da aka sa ake ƙirgawa baya, a ƙara mako biyu a kan kwanakin furen idan lokacin hunturu ne, domin sanyin hunturu yana rage saurin girma. Ba a shuka iri duka rana ɗaya. A raba shi biyu ko uku, tsakaninsu kwana goma, don ko an ɗaga biki a sami wanda ya yi daidai. Fili yana bukatar rana ta awa shida ko fiye, da takin gargajiya da ya ruɓe sosai, saboda ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. Ziniya tana son tazarar santimita 20 zuwa 30. Idan ta kai tsawon santimita 25, a tsinke kanta. Sai ta yi rassa masu dogon kara, furen ya ninka. Sanfulawa mai kara ɗaya ba a tsinke ta, fure ɗaya take yi. Ita matse ta ake yi zuwa santimita 15 don kan ya fito madaidaici. Ban ruwa a gindi ake yi, domin jiƙa ganye yana jawo cututtukan ganye.

Damin furen da amarya ke riƙewa yakan ci kara 20 zuwa 30, ƙaramar kwalbar tebur kuma 5 zuwa 9. A ƙara kashi ɗaya bisa uku a kan jimillar saboda wanda zai karye.

Yawancin asara bayan yanka take faruwa. Ana yanka ne da sassafe, kwana ɗaya ko biyu kafin biki, da wuƙa mai kaifi, a tsoma nan take cikin bokitin ruwa da aka wanke da sabulu. Ziniya ba ta ƙara buɗewa bayan an yanke ta, don haka sai ta buɗe sarai. Ana gwada ta da girgiza karan: idan kan ya yi lilo, ba ta ƙosa ba. Sanfulawa kuwa ana yanke ta da ta fara buɗewa. A tsige duk ganyen da zai nutse, domin ruɓewarsa ke haifar da ƙwayoyin cuta masu toshe hanyar ruwa a cikin kara, fure ya sunkuya alhali yana cikin ruwa. A kowace lita ta ruwan bokitin ana zuba babban cokali biyu na ruwan lemun tsami, babban cokali ɗaya na sukari da rabin ƙaramin cokali na bilic, wato ruwan wanki mai kashe ƙwayoyin cuta. A ajiye a ɗaki mai sanyi da duhu, nesa da ayaba, mangwaro, tumatir da hayaƙin janareta, saboda iskar etilin da ke fita daga cikinsu tana tsofar da fure. Ziniya ba ta son firiji, sanyinsa yana ɓata ta.

Wajen ɗaure dami, ana riƙe kara ɗaya a hannun hagu, a riƙa ɗora sauran a karkace ta gefe guda ana juya damin, har karan su murɗe. A ɗaure da roba, a rufe da ƙyallen anko, a daidaita gindin, a mayar cikin ruwa sai lokacin fita. Kwalaben zuma da gwangwanin madara da aka naɗe da yadi suna isa adon tebur. Ga kwano mai faɗin baki, a dunƙule ragar kaji a cusa ciki ta riƙe karan. Idan dina ce ta dare a waje, a jera furen bayan la'asar, domin iskar hunturu da ranar azahar suna busar da shi cikin 'yan awoyi.