Ginin Empire State

Empire State dogon bene ne na ofisoshi a birnin New York na Amurka, yana Manhattan a kan titin Fifth Avenue tsakanin layi na 33 da na 34. Hawa 102 gare shi, tsayinsa mita 381 zuwa rufi, in an haɗa da eriyar da aka kafa mai daga baya ya kai mita 443. An buɗe shi ran 1 ga Mayu 1931, kuma shi ne gini mafi tsayi a duniya har 1970 da ginin World Trade Center, shi ma a New York, ya zarce shi. Har yanzu injiniyoyi na kawo shi misali saboda saurin aikinsa, kwana 410 kacal aka yi ana ginin.

Asalin aikin

Da can otal ɗin Waldorf-Astoria ne a filin, aka fara rushe shi a Oktoba 1929, watan da kasuwar hannun jarin New York ta faɗi warwas. Masu kuɗin aikin sun haɗa da John Raskob da Pierre du Pont, suka ɗora Al Smith tsohon gwamnan jihar New York ya shugabanci kamfanin. Lokacin ana rige-rigen wa zai fi tsayi da ginin Chrysler mai mita 319, shi ya sa aka yi ta ƙara hawa a zanen, daga ƙarshe ma aka ɗora wata hasumiya a samansa wadda aka ce jiragen nan masu kama da ƙaton balan-balan za su riƙa tsayawa jikinta su sauke fasinja. Iskar da ke kaɗawa a can sama ta hana, ba a taɓa yin jigilar ba.

Zanen

Kamfanin Shreve, Lamb da Harmon ne ya yi zanen, William Lamb ne jagora, kuma daga ciki ya faro ya fito waje. Lifta da matattakala da banɗaki da bututun ruwa duk ya tattara su a tsakiyar ginin, ofisoshi suka zagaye su kamar zobe, da sharaɗin kada wani teburin ma'aikaci ya yi nisa da taga fiye da ƙafa 28, wajen mita takwas da rabi kenan, don zamanin ba na'urar sanyaya ɗaki a ofisoshi, ɗan haya kuma ba zai biya kuɗi mai tsoka ya zauna a lungu mai duhu ba. Wannan lissafin na haya shi ya yanke faɗin kowane hawa.

Sai kuma dokar gini ta birnin ta 1916, wadda ta ce dogon gini dole ya riƙa ja baya yana tsukewa in yana yin sama, saboda rana da iska su samu sauka kan titi, amma in hasumiya ba ta ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fulotin ba, to ta yi tsayin da ta ga dama. Shi ya sa in ka kalli hoton ginin za ka ga hawa biyar na ƙasa sun cika fili, daga nan sai ya yi ta shigewa ciki mataki-mataki. Yana tsukewa, liftocin da ke hidimar hawan ƙasa suna ƙarewa, wurinsu ya zama ofis. Gaskiya nan ne gwanintar zanen take, doka da kasuwa da ƙarfe duk sun zauna daram ba wanda ya takura wani.

Yadda aka yi ginin

Ƴan kwangilar su ne Starrett Brothers da Eken. An fara haƙa fandisho a Janairu 1930 har aka tarar da dutsen da Manhattan ke zaune a kai, ran 17 ga Maris aka fara aikin ginin gadan-gadan. Ƙarfe ne ke ɗauke da nauyin gaba ɗaya, wajen tan dubu 57, bangon waje kuwa sutura ce kawai, ta farin dutsen jihar Indiana da bulo kusan miliyan 10 a bayansa, da tagogi sama da 6,500. Da gangan aka yi kusan komai iri ɗaya, taga ɗaya kamar ƴar uwarta, saboda masana'anta ta buga su da yawa a kawo a ɗora ba sai an tsaya sassaƙa a wurin ba.

Tsakiyar gari ne, ba filin jibge kaya. Saboda haka ginshiƙan ƙarfe daga Pittsburgh suke tahowa kowanne da lambarsa, ana sauke shi injin ɗaga kaya ya cilla shi sama inda zai zauna. Motocin bulo har cikin ginin suke shiga su juye, an shimfiɗa ƴan siraran layin dogo a hawa-hawa ana tura ƴan amalanke a kai maimakon baro, har wuraren cin abinci aka buɗe a sama don kada lebura ya ɓata lokacin hutunsa wajen sauka da hawa. Da haka ake tada hawa huɗu da rabi a sati, akwai ma lokacin da aka yi hawa 14 cikin kwana 10.

Haɗa ƙarfen kuwa da ƙusoshi masu kauri ake yi, mutum huɗu a kowace ƙungiya. Ɗaya na gaban ƴar maƙera yana gasa ƙusa a garwashi har ta yi jajir, ya ɗauko da awartaki ya wurga, na biyu ya cafe da gwangwani ya zura ta a rami, na uku ya tokare kanta da ƙarfe, na huɗu ya bi ɗaya bakin da gudumar iska har ya baje, in ta huce sai ta ja ƙarafan biyu ta matse su gam. Duk wannan a kan ƙarfen da faɗinsa bai wuce tafin ƙafa biyu ba, titi na can ƙasa. Ma'aikata sun kai wajen 3,400 a ranar da aka fi yawa, galibi baƙin haure daga Turai, da ƴan ƙabilar Mohawk daga kusa da Montreal ta Kanada da suka yi suna a aikin ƙarfen sama. Mai ɗaukar hoto Lewis Hine ya bi su har can ya ɗauke su. A lissafin hukuma mutum biyar suka rasu.

Bayan buɗewa

Shugaban Amurka na lokacin Herbert Hoover ne ya danna maɓalli daga Washington a matsayin kunna fitilun ginin. Kuɗin aikin har da na fili ya kusa dala miliyan 41. Sai dai ya zo daidai da karayar tattalin arziki, ƴan haya suka yi wuya, hawa da yawa suka zauna wayam har mutanen gari suka laƙaba mai Empty State Building, wato ginin da ba kowa ciki. Kuɗin ƴan kallo da ke hawa barandar hawa na 86 ya taimaka sosai, riba kuwa sai farkon shekarun 1950.

Ran 28 ga Yuli 1945 jirgin yaƙi samfurin B-25 ya ɓace hanya cikin hazo ya daki ginin wajen hawa na 79, mutum 14 suka rasu, wuta ta tashi aka kashe ta ranar. Asabar ce, ran Litinin an buɗe hawa da dama ma'aikata sun koma ofis.