Na'ura tana aiki ba shi ne tana da lafiya ba

Mutane da yawa sun ɗauka in dai an jona butar lantarki ko injin huda ya tashi, to babu matsala. Ba haka abin yake ba. Wayar atin, wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, ba ta da hannu wajen tashin na'ura. Tana iya tsinkewa cikin filogi, na'urar ta ci gaba da aiki watanni. Ranar da wayar wuta ta taɓa jikin ƙarfen na'urar, wanda ya riƙe shi ne wutar za ta bi.

Shi ya sa mai gwaji ke fara zare filogi ya duba da ido: kebur ya zage? Filogi ya tsage ko ya yi baƙi? Fis ɗin daidai yake? Yawancin lahani a nan ake kama shi.

Sannan mitar gwaji. Daga ƙafar atin ta filogi zuwa jikin ƙarfen, kada a wuce om 0.1 (om shi ne ma'aunin turjiyar da wuta ke fuskanta a hanyarta), ban da na kebur ɗin kansa. Rufin waya kuma ana gwada shi da bolt 500, ana neman aƙalla megaom 1, wato om miliyan ɗaya. Na'ura mai alamar murabba'i cikin murabba'i rufi biyu gare ta, ba ta buƙatar atin.